Fayil Mai Lamba Ɗaya

A farkon zangon karatu na ƙarshen 2021 shugaban makarantarmu ya kira ni ofis ya ce daga ranar ni ne malamin ba da shawara. Ban nema ba, ba a kuma tambaye ni ko ina so ba. Wanda ke riƙe da aikin ya yi ritaya, aka duba jadawali aka ga ni ne darussana suka fi ƙaranci Laraba da Alhamis, magana ta ƙare. Aka miƙo mini makullin wani ɗan ɗaki da ke jikin sito. A ciki na tarar da tebur mai gurguwar ƙafa, da benci ɗaya, da kwali cike da tsofaffin fom na zaɓen darussa da gara ta fara ci.

Ni malamin nazarin zamantakewa ne a wata ƙaramar sakandare ta maza a cikin garin Katsina. Abin da na sani game da aikin shawara bai wuce kwas guda da muka yi a kwalejin ilimi ba, inda muka haddace cewa wasu mata 'yan mishan ne suka fara shi a wata makarantar 'yan mata da ke Ibadan a 1959, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a samar da masu yin sa a makarantu. Na rubuta haka a jarrabawa, na ci. A aikace kuwa, malamin shawara a wajenmu shi ne mutumin da ke shiga aji uku sau ɗaya a shekara ya tambayi yara wa ke son zama likita, hannu ɗari ya tashi, ya fita.

Shekarar ba irin sauran ba ce. Ba a cika shekara ba da kwashe ɗaliban Ƙanƙara, su 344 da aka sako bayan kusan mako guda a daji, kuma mutanen ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu, ta wajen Batsari da Safana da Ɗanmusa, suna ta kwararowa birni. Mu dai abin da muka gani shi ne rajista tana ƙara tsawo. Aji ɗaya na 'yan shekarar farko ya haura yaro ɗari da goma, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Ba wanda ya tambayi sababbin daga ina suke.

Wata Talata da hantsi ayarin babura ya wuce ta bayan katangar makaranta, sun kai ashirin, suna ta hon. Ina jin rakiyar wani ɗan siyasa ce. Ina wucewa ta barandar 'yan aji ɗaya sai na ji ihu. Wani yaro ya faɗa ƙarƙashin benci ya dunƙule, monita ya je janyo shi, ya gantsara masa cizo a hannu har jini. Aka kai shi wurin malamin horo, aka kwantar da shi, aka yi masa bulala shida. Ina tsaye. Ko gezau bai yi ba, ko ƙifta ido. Ya tashi ya kakkaɓe wando kamar ba shi aka daka ba. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har na koma gida: dorina shida ba ta motsa shi ba, amma ƙarar babur ta cusa shi ƙarƙashin benci.

Washegari na sa aka kira mini shi. Ya shigo ya durƙusa, na ce ya zauna a benci, ya ƙi. Na rufe ƙofa don kada yara su leƙo, na zauna bayan tebur da biro a hannu.

"Me ke damunka?"

"Ba komai, Malam."

"Me ya sa ka ciji monita?"

Shiru.

"Daga wane gari kuke? Ina babanka?"

Idonsa na kan ƙofar da na rufe. Minti ashirin muka yi a haka, ni ina jefa tambaya kamar ɗan sanda, shi yana cewa ba komai. Na sallame shi, na rubuta a takarda cewa yaron yana da taurin kai.

Wata malama da muke aiki tare ce ta ce in je in ga wata Hajiya a ofishin walwalar jama'a, ta taɓa taimaka mata kan wata yarinya da aka so a cire daga makaranta. Ban taɓa shiga irin wannan ofishi ba. A tunanina wurin sasanta ma'aurata ne da rigimar riƙon 'ya'ya, kuma lalle na tarar da layin mata da goyo suna jiran haka ɗin. Hajiyar ta kusa ritaya, ta yi difloma a fannin a Kaduna tun ina firamare. Ta saurare ni har na gama, sannan ta fara nata tambayoyin. A hannun wa yake? Ina yake kwana, shi da wa? Yana karyawa kafin ya fito? Ƙarfe nawa yake barci? Me yake yi kafin makaranta, me yake yi bayan an tashi? A gidan wa yake jin maganarsa? Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Na san makinsa a gwajin farko, uku cikin ashirin, shi ke nan.

Ta ce, "Malam, takardar da ka rubuta taurin kai, yaga ta."

A ranar ta koya mini buɗe fayil. Ba a rubuta sunan yaro a bango, lamba ake sawa. Shafin farko na gida ne: wa da wa ke ciki, wa ke kawo abinci, wa ya rasu, wa ya tafi. Daga nan duk ranar da aka zauna da yaro a rubuta kwanan wata da abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, a ware su daban da abin da kai kake zato. "Ya kalli ƙofa sau da yawa," wannan gani ne. "Yana da taurin kai," wannan ra'ayinka ne, kuma ra'ayi ba ya shiga sai da dalili. Fayil yana kwana a cikin abin da ke da kwaɗo. Ta kuma ja mini kunne a kan abu uku: kada in sake rufe ƙofa, kada in zauna gaba da gaba da shi tebur a tsakani, kada kuma in tambaye shi abin da ya faru a garinsu. Idan ya so faɗa zai faɗa, ran da ya ga dama. Idan aka tono shi da ƙarfi, ni zan koma gida in ci tuwo, shi za a bari da abin da aka tono har asuba.

Kafin komai kuma sai an je gida, don ba a buɗe wa ɗan mutane fayil ba da sanin masu shi ba.

Ba kai tsaye muka je ba. Mun fara biyawa wurin mai unguwa, ya haɗa mu da yaronsa ya raka mu. Can bayan gari ne ta hanyar Batsari, wani kango da mai shi ya kai linta ya tsaya, ya bar mutane su fake. Gida uku ke ciki, an toshe tagogi da buhu da zana. Hajiya ta yi sallama ta shige wurin mata, ni aka shimfiɗa mini tabarma a gindin bedi, baffan yaron ya fito. Da ya ga takarda a hannuna fuskarsa ta canza.

"Sunaye za ku rubuta? An rubuta mu sau huɗu, har hoto an ɗauka. Ko ƙwayar gero ba mu gani ba."

Na mayar da takardar aljihu. Na ce ni malamin ɗansu ne, ba abin da na kawo, ba kuma abin da na zo karɓa. Muka yi hirar damina da tsadar masara da yadda aka hana cin kasuwannin mako a yankinsu. Ya ɗan saki jiki, amma da na ambaci yaron sai ya ce, "In ya yi laifi ku doke shi, mun ba ku."

Sama da awa guda Hajiya ta yi a ciki. Sai a hanya, cikin Keke, ta faɗa mini abin da kakar ta gaya mata, da murya ƙasa-ƙasa don kada direba ya ji. Da daddare aka shigo garinsu a kan babura. Uban ya tura shi cikin rumbu shi da ƙanwarsa 'yar shekara biyar, ya koma ƙofar gida, a nan aka harbe shi. Yaron ya kwana a rumbun da tafin hannunsa a kan bakin yarinyar har gari ya waye. Uwar, bayan ta fita takaba, danginta sun ɗauke ta da jaririn da take goyo, aka bar manyan biyun wurin kaka. Tun zuwansu birni ba ya barcin dare. Yana zama a bakin ƙofa, in barci ya sace shi ya farka da ihu, wani lokacin ya jiƙa shimfiɗa. Da an yi sallar asuba sai ya ɗauki kurar ruwa ta haya, ya yi sawu biyu ko uku, kuɗin nan da shi ake sayen garin kunu. Sannan ya sa yunifom ya taho makaranta a ƙafa, ya iso bayan an rufe get, a yi masa bulalar latti, ya shiga aji ya kifa kai ya yi barci, a tashe shi da wata bulalar.

Na ƙirga a raina. A mako shida, mu malamansa mun doke shi ya fi sau talatin saboda yana ciyar da kakarsa.

Kakar ta ce ana karɓo masa rubutu, liman ma yana yi masa tofi. Na ɗauka Hajiya za ta yi wani bayani na 'yan boko. Cewa ta yi a ci gaba, kuma a riƙa ba shi ya sha da hannun kakar kafin ya kwanta, ta zauna kusa da shi ta karanta masa abin da ta iya. Daga baya ta ce mini duk abin da gida suka riga suka yarda da shi, in ba cutarwa a ciki, a kansa ake ɗora gini.

Muka tsara abin da za a yi a shafi ɗaya, kowane da sunan wanda zai yi shi da ranar da za a duba. Mafi sauƙi shi ne wurin zama: a dawo da shi bencin da ke bakin ƙofa, kuma duk lokacin da ya ji ƙirjinsa ya ɗauka ya fita ba sai ya ɗaga hannu ba, ya zo ɗakina ya zauna. Shugaban makaranta ya sa hannu a wani ɗan kati da na yanka daga kwalin sabulu, mai cewa a bar mai wannan kati ya shiga ko ya makara. Abinci kuma, na yi magana da matar da ke sayar da ɗanwake lokacin tara, ta riƙa zuba masa, a biya ta ƙarshen mako.

Kurar ruwan ce ta ba mu wuya. Ni da zafin sabon shiga na ce a tuna wa baffan cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta, har da hukunci ga uban da ya ƙi, ga kuma dokar kare yara da jiharmu ta sa wa hannu a 2020. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau.

"Ka karanta masa doka, gobe ya ɗauke yaron ya kai shi wani gari almajiranci. Sai ka je can ka karanta wa wa?"

Maimakon haka sai muka kai maganar gaban kwamitin al'umma na makaranta, wanda ake ce wa SBMC, inda mai unguwa da liman da wakilan iyaye da tsofaffin ɗalibai ke zama. A wurare da yawa sunan kwamitin kawai ake da shi a takarda, mu ma namu sai an yi rabon wani abu yake cika. Amma an dace akwai wani Alhaji mai shagon hatsi a ciki. Ba a faɗi sunan yaron ba, an ce dai wani maraya ne. Alhajin ya ce a turo shi shago bayan la'asar ya riƙa share-share da ɗaure leda, zai ba shi abin da ya kai kuɗin sawu uku na ruwa. Kuɗin ɗanwake kuma kwamitin ya ɗauka. Na so a samo masa wani tallafi na hukuma, sai na tarar shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara da su, 'yan mata ya sa a gaba. Ban ga laifin haka ba, na san dalilin. Amma yaro namiji maraya ɗan shekara goma sha uku, in ba a samu mai shagon hatsi ba, tasha ce ke jiransa.

Saura malamai. A nan na yi ɓarnar da har yau in na tuna nake jin kunya.

Malamin horo ya ƙi katin. Kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce yara dubu da wani abu yake tsarewa a get shi kaɗai da bulala ɗaya, in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa, gobe kowa ya zama maraya. Ya ce mu ma da duka aka yi mu, ga mu mun zama mutane. Wasu suka goya masa baya, aka fara dariya ana cewa na zama lauyan 'yan latti. Raina ya ɓaci. Don in rufe musu baki sai na kwashe labarin duka na zazzage a ɗakin malamai: baburan, harbin, rumbun, hannun a kan bakin yarinya, har fitsarin kwance. Ɗakin ya yi tsit. Malamin horo ya ce Allah ya jiƙan uban, ya karɓi katin. Na fita ina jin na yi nasara.

Akwai ɗalibai biyu a ɗakin suna tattara littattafai, ban ko lura da su ba. Kafin Juma'a duk 'yan aji ɗaya suna kiransa Ɗan Rumbu. Wasu in ya wuce sai su yi ƙarar babur da baki. Ranar Litinin bencin bakin ƙofa ba kowa.

Kwana goma sha bakwai bai zo ba. Shagon Alhaji ma ya daina zuwa. Da na je na faɗa wa Hajiya, ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce kakar ba ni ta gaya wa ba, ita ta gaya wa, a cikin ɗaki, mace da mace, ita kuma ta ba ni don aiki. Ta ce malamai abin da suke buƙatar sani shi ne me za su yi, ba me ya faru ba: a bar shi ya shiga, a bar shi ya fita, kada a taɓa shi ta baya. Sauran amana ce. Sannan ta ce in je in gyara da ƙafata, ita ba za ta raka ni ba.

A tasha na same shi, cikin yaran da ke dakon kaya. Biyu daga cikinsu na riƙe da tsumma a hanci, warin sholisho na tashi. Shi ban ga komai a hannunsa ba, amma na san kwana nawa ne tsakanin zama da su da karɓar tsumman. Da ya gan ni ya yunƙura zai gudu, sai kuma ya tsaya ya durƙusa. Na ce ya tashi. Na sayi rake, muka zauna a kan wata tsohuwar taya, gefe da gefe, muna kallon motoci. Na ce masa ni na faɗi maganar, ba kakarsa ba, ba Hajiya ba. Na ce na yi kuskure, ya yafe mini. A shekara goma sha ɗaya da na yi ina koyarwa ban taɓa ba ɗalibi haƙuri ba, kuma na ga alama shi ma ba a taɓa ba shi ba, don ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya daɗe yana tauna raken. Can ya ce, "Malam, ba tsoro ne ya sa na shiga rumbun ba. Baba ne ya ce in shiga."

Na ce na sani. Na ce kuma ƙanwarsa na raye ne saboda ya yi abin da aka ce ya yi. Bai amsa ba, amma ranar Laraba ya zo.

Sunan bai mutu nan take ba. Mun canza masa aji, malamin horo da kansa, wanda yanzu ya fi ni zafi a kan lamarin, ya kira manyan masu tsokanar ya yi musu magana, kuma don Allah ban tambaye shi da me ya yi musu ita ba.

Sai karatu. Tun kafin ya gudu na gwada shi da wata hanya da aka koya mana a wata bita, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita: a ba yaro sakin layi, in ya iya a hau da shi zuwa labari, in ya kasa a sauko zuwa kalmomi, har zuwa baƙaƙe, a ga inda ƙafarsa ta taka ƙasa, daga nan a fara. Da Hausa na gwada shi, ba da Turanci ba. Ya tsaya a baƙaƙe, su ma ba duka ba. Ga yaro a sakandare, ana koya masa kimiyya da lissafi da Turanci, bai iya karanta "gida" ba. Na so in ji daga firamarensu me ya faru, amma tun watan Satumba an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, nasu na ciki, ba ta yadda zan samu hedimasta. Baffan ya ce ai makarantar ta fi shekara biyu tana buɗewa tana rufewa, ga hutun korona na 2020, ga malamai sun daina kwana a garin.

Wata rana ya zo ɗakina lokacin da ƙirjin ya ɗauka. Na bi shawarar Hajiya na ba shi abin da hannu zai yi, biro da bayan wani tsohon fom, na ci gaba da makin littattafai. Da ya tafi na duba takardar. Rubutu ne reras, layi bakwai, da ajami, hannu mai kyau irin na wanda ya daɗe da allo. Ayoyi ne, a ƙasa kuma ya rubuta sunan garinsu da sunan babansa. Washegari na tambaye shi. Ya ce izu goma sha biyar ya kai wurin babansa, shi ke biya masa da asuba.

Yaron da muka rubuta wa uku cikin ashirin. Daga ranar na ajiye katunan da aka ba mu a bita, na ce masa boko ma babbaƙu ne da farfaru. Ga baƙi, ga wasali, sai dai a nan wasalin ba sama ko ƙasa yake hawa ba, gefe yake tsayawa, kuma daga hagu ake farawa. Na rubuta ba, bi, bu da ajami, na rubuta su da boko a ƙasa. Ya duba, ya duba, ya yi wata 'yar dariya, ita ce ta farko da na gani. Cikin mako biyar yana karanta sakin layi na Hausa. Turanci ya fi jan lokaci, har yanzu ma da saura, amma ya daina zama kamar kurma a aji.

Da na ga haka sai na gwada 'yan aji ɗaya gaba ɗaya, na ɗauki mako biyu ina yi. Abin da na gani ban so in faɗa wa shugaban makaranta ba. Waɗanda suka tsaya a baƙaƙe ba 'yan gudun hijira kaɗai ba ne, akwai haifaffun cikin ganuwa da suka yi shekara shida cur a firamare. Muka buɗe ajin rabin awa bayan an tashi, Litinin zuwa Alhamis, aka fara da yara goma sha huɗu. Shi na sa yana biya wa na bayansa, don ya san yadda ake biyawa.

Barcin ne ya ƙi gyaruwa. Bayan wata huɗu kakar ta ce ihun dare na nan, Hajiya ta ce wannan ya wuce ni, ya wuce ta, sai likita. Baffan ya yi tsalle ya dire. "Ɗanmu ba mahaukaci ba ne." Ban ga laifinsa ba. Abin da ya sani game da irin wannan asibiti shi ne mari da allurar da ke sa mutum dalalar da miyau, kuma ita kanta ƙasar a lokacin da dokar mahaukata ta 1958 take aiki, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Liman ne ya shawo kansa. Ya ce masa wanda ya faɗo daga bishiya ana yi masa addu'a, ana kuma kai shi wurin mai ɗori. Ni na raka su zuwan farko. Ba mari, ba allura. Likitan ya zauna da yaron shi kaɗai kusan awa guda, ya zauna da kakar, ya koya masa yadda zai ja numfashi a hankali yana ƙirgawa in abin ya taso, ya ce a dawo duk wata. Kuɗin mota ya sa an tsallake wasu watannin. Duk da haka zuwa damina kakar ta ce yana kaiwa asuba sau uku ko huɗu a mako.

A ƙarshen aji biyu, tsakiyar 2023, Hajiya ta ce lokacin rufe fayil ya yi. Shi ma da ƙa'idarsa: a duba shafin nan ɗaya layi-layi, a ga me aka yi me ya rage, a zauna da yaro a gaya masa, a je gida a gaya musu, a kuma bar masa hanyar dawowa. Rajista ta nuna kwana tara kawai ya rasa a zangon. Ya zo na 64 cikin 112. Lokacin fayilolin da ke cikin akwatina sun kai talatin da ɗaya.

Da na gaya masa, ya laluba aljihu ya fito da katin kwalin sabulun, ya yi laushi, rubutun ya kusa gogewa. Ya ce ya daɗe bai nuna shi a get ba. Amma yana roƙon in gaya wa malamin aji uku a bar masa bencin bakin ƙofa. Na rubuta haka, na maƙala katin a bangon ciki.

Muka je kangon da yamma ni da Hajiya. Yanzu an sa ƙyaure, baffan ya samu gadi a wani gini. Kakar ta fito har waje, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye mini kwanon gyaɗa a kan tabarma tana ta sa albarka. A bayanta wata yarinya ta laɓe, ta riƙe gefen zanenta da hannu biyu. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Kakar ta ce, "Haka take, Malam. Wagga ba ta da surutu."

A cikin Keke Hajiya ta yi shiru har muka kusa ƙofar gari. Sannan ta ce, "Shekara biyu muna zuwa gidan nan. Ka taɓa jin muryarta?"

Ban taɓa ba. Sunanta na shafin farko na fayil ɗin, da hannuna na rubuta, da shekarunta, ban sake komawa kansa ba. An sa ta a firamaren unguwar, aji biyu, inda ba malamin shawara ko na suna. Hajiya saura mata wata uku ta yi ritaya. Ta ce in samo sabon bango in bar wurin lamba, ranar Litinin ƙarfe tara mu haɗu a ofishin hedimastan.